Iskar Faci Na Sayar Musu

Ni mai faci ne a bakin tashar Kankiya kafin son banza ya ja ni. Ina samun na tuwo, ba wanda ke zagin iyayena.

Wata rana na ji a rediyo ana cewa iskar oksijin ce abincin ƙwaƙwalwa. Rabin maganar na riƙe, na watsar da sauran. Na sayi tsohuwar tukunyar gas wurin wani mai walda, na shafa mata fenti, na ɗura mata iskar injina ta faci. Lokacin jarrabawa na kai ta Kusada ina shela: shaƙa uku, karatu ya zauna. Ɗalibai suka yi layi. Wanda ya ci ya gode mini, wanda ya faɗi na ce bai ja da ƙarfi ba. Har suna aka sa mini, Mai Iska, ni kuwa ina ta washe baki.

Ana nan sai ga wani manomi daga Rimaye, Malam Iro. Ya ce, "Tsohuwata ce numfashi ya sarƙe mata, har ba ta gane ni. An ce iskarka tana maido da hankali. Mi za ni ba ka?" Na san asibiti ya kamata in tura shi, amma na bi shi da tukunyata. Ta ja, ta ja, leɓɓanta sai ƙara duhu suke. Maƙwabta ne suka ture ni suka sa ta a mota sai asibiti. Ni kuma 'yan sanda suka kama ni, aka kai ni kotu.

Da alƙali ya tambayi sana'ata na ce sayar da iska. Ya ce, "Ashe ɗan iska ne da gaske."

A gidan yari ma'aikacin jinya ya ƙarasa mini rabin da na watsar. Jinin mai lafiya a ƙoshe yake da oksijin, ƙari ba ya zuba masa karatu. Wanda ya rasa ta ne hankalinsa ke gushewa.

Ranar da aka sake ni na tafi Rimaye neman gafara. Malam Iro ya ce, "Iskar asibiti suna sa mata ta buɗe ido ta kira sunana. Shiga ka gaishe ta." Na durƙusa na yi kuka, na gode wa Allah da bai ɗora mini ranta ba.

Samari, ku yi barci, ku ci abinci, ku yi bita. Ƙaryar da na ɗauka ta wasa ce, saura ƙiris ta kashe uwar wani.