Ba Ka Da Ƙasa, Baba

Baba Kailu ya zo Abidjan daga Tawa ta Nijar tun yana saurayi, a bayan motar albasa. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa har bayansa ya ƙi, daga nan ya koma haɗa masu kaya da direbobin manyan motoci masu zuwa Nijar. Gidan haya ɗaya muke a unguwar Arras, ɗakina yana kallon nasa. Kullum da hantsi yakan zauna a baranda da kofin shayi da kwamfutar da ɗansa Fatihu ya saya masa, yana duba jirgin da ya iso da wanda ke hanya.

Bara ne abin ya fara. Da ya ɗora yatsa a ɗan allon kwamfutar da ake gogawa, sai kibiyar ta hau tsalle, ta buɗe abin da bai nema ba. Har ya taɓa tura wa wani direba labarin kayan da ba nasa ba, mutumin ya yini a bakin tasha a banza.

Fatihu ya ce hannu ne. Mahaifin Baba ma da rawar hannu ya tsufa. "Papa, ka huta haka nan, ni zan riƙe direbobin." Daga nan na lura Baba ya daina zuba wa baƙi shayi, sai ya tura musu butar su zuba da kansu. Wata rana ya kira ni, ya miƙa hannu a gabana. "Bilal, duba tsakaninka da Allah. Yana rawa?" Na ce ban gani ba. Ya ce, "Kai ai kunyata kake ji."

Na lallashe shi muka shiga mota zuwa unguwar Adjamé, wurin Sharifa, 'yar wani amininsa, mai rumfar gyaran kwamfuta. A nan aka haife ta, Hausarta sai a hankali. Ta jona kwamfutar a wutar rumfarta da cajarta, ta ce ya goga. Kibiya ta bi yatsansa lafiya lau.

Baba ya ce, "Kin gani? Munafuka ce. A gaban mutane sai ladabi."

Sharifa ta karɓi cajarsa ta jujjuya, ta ce ba ta asali ba ce. Ya ce ta asalin ta ƙone, wannan a bakin titi ya saya. Ta tambaya ko abin yana yi in ba a jona wuta ba. Baba ya ce bai taɓa cirewa ba, batirin ya daɗe da mutuwa. Ta tambaya ko ramin wutar bangonsa yana da ɗan ƙarfe a tsaye. Na ce rami biyu ne kawai, gidan tsoho ne.

Sharifa ta ce, "Voilà. Baba, hannunka lafiya. Matsalar, ba ka da ƙasa."

Baba ya ajiye carbinsa a kan tebur. "Wa ba shi da ƙasa? Ni ɗan Tawa, unguwarmu tana nan, kabarin ubana yana nan! Ke da ba ki taɓa wuce garin Bouaké ba, ke ce za ki ce ba ni da ƙasa?"

"A'a, Papa, la terre! Ta courant!" Ta juyo gare ni. "Bilal, yaya ake cewa?"

Na bayyana masa cewa ƙasar da take nufi waya ce ta uku da ake binnewa a ƙasa, ita ke shanye wutar da ta yi yawa. In babu ita, ga kuma caja marar kyau, wutar sai ta riƙa yawo a jikin kwamfutar tana ruɗa allon.

Baba ya ɗauki carbinsa. Can ya ce, "To sake faɗin na farkon."

"Ba ka da..."

"Ba shi ba, 'yar nema! Na hannun."

"Hannunka lafiya, Baba."

Ya sa ta maimaita a waya, Fatihu yana ji.

Mun dawo da sabuwar caja. Washegari mai gyaran wuta ya kafa sandar ƙarfe a gindin bango, ya ja waya zuwa ɗakin Baba. Fatihu ya zo da yamma, ya tsaya a bayansa yana kallon yadda yake tura wa direbobi saƙo ɗaya bayan ɗaya. Baba bai ko waiwayo ba, ya ce, "Tunda ka zo, je ka tasha ka gaya wa Mijinyawa ɗan kasuwa jirgin shinkafarsa ya iso. Ka ce ni na aiko ka."