Mai Tokara da Ramin Bayan Gareji

Mai Tokara ake ce masa, sunan da leburori suka laƙaba masa cikin tsokana har ya bi shi. Ƙaramin ɗan kwangila ne, kadararsa duka tsohuwar motar kaya ce, da diga da shebur, da tulin katakai da laka ta mayar baƙaƙe. Aikinsa tonon ramin bututun ruwa da lambatu da masai. Doka ɗaya gare shi: ramin da ya wuce ƙugun mutum, ba mai shiga sai an jera katako gefe da gefe an tokare, an zura tsani, an kuma janye ƙasar da aka tono nesa da baki.

Da jikinsa ya koyi wannan. Yana saurayi, yana lebura a hannun wani, rami ya rufta da shi har ƙirji. Duk lokacin da ya fitar da numfashi sai ƙasa ta ƙara matse shi, ya kasa mayarwa. An zaro shi da ƙugu a goce, shi ya sa yake tafiya kamar mai tsallake kwata.

Dokar ba ta jawo masa kasuwa ba. Masu gini sukan ce, "Wai kai mai tono ne ko kafinta?" sai su ba wanda zai gama da wuri. A gida ma bai tsira ba, don da damina a rumfar tsakar gida yake jibge katakan.

"Baban yara," in ji matarsa, "katakon nan ya fi mu gata. Shi a inuwa, mu a ruwa."

Ƙaninsa ya daɗe yana aiki a ƙarƙashinsa, daga baya ya gaji ya ware, ya tara nasa leburorin. Wata damina ya samu aikin sa bututu a bayan wani gareji, wuri mai yashi, ga ruwa an kwana biyu ana yi. Mai Tokara ya je ya leƙa, ya ga gefen ramin yana tsattsagewa.

"Ka aiko a ɗauki katako," ya ce. "Aro ne, ba haya ba."

"Haba Yaya, aikin yini ne fa. Kafin a jera katakonka na binne bututun. Kuma in ajali ya yi kira, katako ba ya hanawa."

"Allah ma cewa ya yi tashi in taimake ka."

Ƙanin ya yi dariya ya koma cikin ramin.

Bayan azahar wata tifa ta bi ta kusa da bakin ramin, gefe guda ya zafto. Ko da Mai Tokara ya samu labari ya iso da motarsa cike da katako, jama'a sun yi cincirindo a baki, wasu na shirin dirawa, wani na ihun a kirawo katafila. Ƙanin Mai Tokara na ciki, ƙasa har wuya, idanu sun firfito. Wani lebura da ake kira Dogo kuwa ko hularsa ba a gani.

"Ku ja baya!" ya daka musu tsawa. "Nauyinku zai ƙarasa su! Katafila kuma yanka su za ta yi!"

Ya sa aka sauke katako, aka fara tokare gefen da ya rage. Wata mata ta ce, "Kai wane irin mutum ne? Ɗan'uwanka na mutuwa kana buga ƙusa?" Ya ci gaba da buga ƙusarsa. Sai da wurin ya tsaya sannan ya sauka, suka yi ta tono da hannu da ƙaramin shebur. An fito da ƙanin da rai, ƙafa a karye. Dogo kuwa gawarsa aka ciro, ya bar mata da yara ƙanana.

Likita ya ce tun faɗowar ƙasar rai ya yi halinsa. Mai Tokara ya ce to. Amma har yau yakan ajiye loma yana tunanin lokacin da ya ɓata yana buga ƙusa, yana tambayar kansa ko da lokacin ya isa a ceto Dogo.

Bayan rasuwar Dogo, ƙananan 'yan kwangila suka riƙa zuwa wurinsa, yana nuna musu yadda ake jerawa da tokarewa, yana ba su aron katako. Da rani ya shigo, ƙasa ta bushe, tsoro ma ya bushe. Wasu katakan ba su dawo ba. Ɗaya ma a wurin mai shayi ya gan shi, an yi benci da shi. Ya zauna a kai ya sha shayinsa.

Yanzu ƙarfi ya ja baya, ƙanin ya dawo wurinsa, shi ne ke riƙe da yawancin aikin, amma Mai Tokara ba ya iya wuce rami bai tsaya ba, ko na waye. Kwanan nan ya tarar da wasu suna tono a gefen titi, sun tara ƙasa dab da baki.

"Ku matsar da ita baya, 'ya'yana."

"To Baba, yanzu ma kuwa," in ji shugabansu.

Ya yi gaba kaɗan ya waiwayo, ba wanda ya motsa. Ya daɗe a tsaye, hannu a ƙugu. Sannan ya dawo a hankali, ya tuɓe hula ya cusa a aljihu, ya ɗauki shebur ɗin da ke jingine ya fara kwashe ƙasar da kansa.