Idon Nahoda Lali

Kawuna Lali Shee ya daɗe yana tuƙa jirgin ruwa tsakanin Faza da Kiunga, har sunan Nahoda, wato shugaban jirgi, ya danne na yanka. Ido ɗaya gare shi, na hagun ƙugiya ta tafi da shi tun yana saurayi. Amma ɗayan nan ya ishi gari guda. Yana tsaye a bakin teku zai ce ga jirgin wane can tafe, mu yi ta ƙifta ido ba mu ga komai ba, sai can an jima jirgin ya ɓullo. Ranar kuwa mun shiga uku da cika bakinsa.

Matarsa Somoe ce kaɗai ba ta raga masa. Ɗinkin hula take yi, irin tamu mai ƙananan huji a jere, kuma duk Faza babu hannu kamar nata. Tana kan dakali da allurarta za ta ce, "Mai hango Kiunga daga Faza, ga takalminka nan a gabanka kana nema." Ba su haihu ba, ni suka riƙa, don haka a cikin wannan tsokanar na girma. Kowace Sallah sai ta ɗinka masa sabuwar hula, shi kuma ya kifa ta a kai ya fice, ko duba aikin ba ya yi.

Da yanar ido ta fara rufe masa idon, musu ya yi ta yi. Sai da ya gaida jaki a lungun masallaci sannan ya bar jirgi. A shekarar ne kuma ciwon zuciya ya kwantar da Somoe. Ya koma zaman bakin gadonta, yana shafa fuskarta da hannu don ya ji ko ta rame. An yi an yi ya tafi Mombasa a yi masa aiki ya ƙi, wai ba zai bar ta ba. Ita ce ta kore shi.

"Je ka a wanke maka idon nan, Nahoda. Na gaji da kana yi wa bango sannu."

Ran da za mu tafi ta jawo hula daga ƙarƙashin matashi ta sa masa da kanta. Ashe a kwancen ma ɗinki take yi.

Ni na raka shi, jirgi zuwa Mokowe, mota zuwa Mombasa. Likitar yarinya ce, mai haƙuri. Ta gwada idon, ta bayyana masa cewa za a cire abin da ya dushe a ciki a dasa ɗan gilashi a madadinsa, kuma da shi zai zauna har ƙarshen rayuwa.

"Sai ka zaɓa, Baba," in ji ta. "Akwai mai nuna nesa garau, sai ka sa tabarau in za ka duba abin da ke hannunka. Akwai mai nuna kusa, shi kuma nesa ce za ta yi hazo sai da tabarau. Mai haɗa biyun bai dace da idonka ba."

Na yi caraf na ce, "Na nesa, likita. Matuƙin jirgi ne."

"Ke Tima, idonki ne ko nawa?" Ya juya wajen da yake jin muryar likitar. "'Yata, na kusan nan, iya ina yake kaiwa?"

"Kamar tsawon hannunka."

"Shi za ki sa min."

Na ce, "Haba Kawu! Ka ɗauki na nesa mana, ga tabarau in kana son kusa."

"Mutum yana kwanciya da tabarau ne? In na buɗe ido da safe, ita ce a nan." Ya ɗaga tafinsa daidai fuskarsa. "Teku na gan shi har na ƙoshi. Matar nan kuwa, wallahi ban san yaushe rabon da in tsaya in dube ta ba. Ina da idon ban duba ba."

Likitar ta sake tambayarsa, ta ce yawancin mutane na nesa suke ɗauka, kuma sakewa ba wasa ba ne ga mai ido ɗaya. Ya ce ya ji.

Washegari da hantsi suka shiga da shi. Ina zaune a benci riƙe da takalminsa da hularsa wayata ta yi ƙara. Maƙwabciyarmu ce. Somoe ta cika, tana cikin shan shayi. Na roƙe su su jira mu, amma a Faza ba a kwana da gawa, ga zafi, ga mu nan tafiyar yini guda. Bayan la'asar aka kai ta. A lokacin Kawu yana kwance da bandeji, yana tambayata ko ana samun man kwakwa mai ƙamshi a nan kusa, ya tafi mata da shi.

Likita ta hana a gaya masa kafin a kwance idon. Da gari ya waye ta ɗage bandejin a hankali. Ya yi ta ƙifce-ƙifce, ya kalli yatsunsa ya yi dariya, sannan ya ce, "Matso, Tima, in ga yadda kika tsufa." Na matso. Fuskata ce fuska ta farko da sabon idon ya gani sosai, ta kumbura da kuka. Dariyar ta tsaya. Bai tambaye ni komai ba sai, "An kai ta?" Na ɗaga kai.

Muka kamo hanyar gida a mota har muka wuce Malindi. Can ya cire hular ya kawo ta kusa da fuskarsa, yana juya ta. Daga sama layin ɗinkin a miƙe yake kamar kullum. Yana sauka ƙasa sai ya fara karkacewa, hujin wani babba wani ƙarami, wani wurin zaren ma ya tsallake.

"Tima, tun yaushe hannunta ke rawa haka?"

Likita ta ce kada ya murza idon, don haka ya bar hawayen suna zuba a kan hular.

Yana nan da rai. Tabaran nesa da aka ba shi suna cikin kwalinsu, ko sau ɗaya bai sa ba. Na yi faɗa har na gaji, don takaici nake ji in ga mutumin da ya saba hango jirgi kafin kowa yana tambayar yara ko ruwa ya janye. Bakin teku ya daina zuwa. Da yamma sai ya fito da hulunan da ta ɗinka masa tun aurensu, ya zauna a dakalinta yana bin ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. In abokan jirginsa sun zo suna ce masa ya sa tabaran ya zo ya ga sabon jirgin da aka saukar a ruwa, sai ya ce su je, shi bai gama duba aikin Somoe ba.