Ɗan Kunne Ɗaya a Samaru, Ɗaya a Sabon Gari

Har yau in na ji ƙamshin kanumfari, 'yan kunnen Kaka nake tunawa, don a gwangwanin kanumfarinta take ajiye su. Na zinariya ne, kowanne da dutse shuɗi irin launin sama bayan an ɗauke ruwa, ƙananan duwatsu ja da kore sun zagaye shi, sai ɗigon lu'ulu'u a ƙasa. Kakanmu ne ya sayo mata su daga nesa. In ta sa su ranar Lahadi, rabin matan coci ba sa jin wa'azi.

Kaka ta san 'ya'yanta biyu sarai. Mamata da yayarta, wadda muke kira Inna, ba sa shan inuwa ɗaya. Da ta ji jiki ya ƙi, sai ta raba musu 'yan kunnen, ɗaya ga Mama a Samaru, ɗaya ga Inna a Sabon Gari. Ta ce duk mai son sawa ta taka da ƙafarta ta aro ɗayan, ban da aike. A lokacin na ɗauka rigimar tsufa ce.

Bayan rasuwarta suka yi faɗa a kan wata magana da ban taɓa jin kanta ba. Damina ta shigo, masara ta yi bunƙasa a gonakin Bomo, ba gaisuwa, ba leƙe. Ni abin ya fi ci, don 'yar Inna ce ƙawata, kuma an hana ni zuwa.

Sai auren yayata ya taso. Mama ta ce ba za ta tsaya a matsayin uwar amarya babu 'yan kunnen uwarta ba, kuma ba za ta roƙi kowa ba. Ta ja ni muka shiga bas, muka wuce Palladan har shagon wani maƙerin zinariya Bayarabe kusa da unguwar PZ, ta miƙa masa ɗan kunnenta ta ce ya ƙera mata irinsa. Ya juya shi a tafin hannu, ya nuna mata siraran zane baƙaƙe a jikin dutsen.

"Madam, zinariya zan iya. Amma wannan dutse, ɗan'uwansa ɗaya ne. Ina yake?"

Mama ta yi tsaki ta karɓe kayanta. Muka nufi tasha, sai na ga mun karkata layin su Inna. Mun tarar da ita tana tankaɗe a tsakar gida.

"Yaya, aro na zo," in ji Mama, tana kallon bango.

Inna ta karkaɗe hannu, ta kwance bakin zaninta. Ashe a nan ɗayan ɗan kunnen yake ƙulle.

"Tun da na ji an sa rana nake yawo da shi. Zauna mana, sai ka ce baƙuwa."

Ita ta saka mata shi da hannunta mai gari.

Yanzu dukansu sun rasu, 'yan kunnen biyu suka dawo hannuna. Ina ganin irinsu a waya, masu tsada, in ka danna a kawo maka har ƙofa. Nawa kuwa sun shekara a gwangwani ban sa ba, kuma na lura rabona da 'yar Inna tun ranar jana'iza. Makon jiya na shiga bas na kai mata ɗaya. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "To, ban da aike."