Gudun Yaya da Farin Bijimi

A unguwar Agege ta Ikko a zamaninmu mahauci ba ya gudu sai da dalili, dalilin kuma ɗaya ne: saniya ta ƙwace. Kowa ya san haka, Bahaushe da Bayarabe, har yaran da ba su iya ɗaura wando ba. In ka hango mahauci ya sheƙo a guje ba ka tsayawa tambaya, katanga mafi kusa za ka nema.

Yayana ne babba a gidanmu, ni ke bi masa, tare muke fawa. Da ƙuruciya ya sha koro shanu da ƙafa tun daga Arewa har Ikko, siriri kamar sandar da ke hannunsa. Sai kuɗin man fetur ya shigo gari bayan yaƙi, kowane ma'aikaci yana son tsoka a miyarsa. Yaya ya ajiye wuƙa, ya koma kan benci yana nuna wa yara aiki da baki. Ya je hajji ya dawo da haƙorin Makka, teɓa kuma ta fara riga shi shiga ɗaki. Da tozo yake karya kumallo, da ƙafar sa yake rufe dare.

Wata safiya ya yanke jiki ya faɗi a mayanka, sai da ƙarti huɗu suka ɗaga shi. Likita a babban asibitin Idi-Araba bai ɓoye mana komai ba. Ya ce hawan jini ne, kitse ya yi wa zuciya ƙawanya, ko ya rage nama ya riƙa motsa jiki har ya yi gumi, ko mu fara shiri. Na ji tsoro ƙwarai, don ta haka ne mahaifinmu ya tafi, da loma a hannu, bai kai hamsin ba. Yaya kuwa tun a cikin mota ya yanke hukunci. Nama zai rage, amma shi Alhaji guda, mai 'ya'ya cike da gida, ba zai yi gudu a titi ba tunda bai saci kayan kowa ba. Na ce masa in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ya ce in sa gudun ya zo ya same shi a zaune.

A shekarar ne aka yi wasannin ƙasashen Afirka a sabon filin Surulere. Mu muke kai nama ɗakin girkin 'yan wasa, aka ba mu tikiti, na ja Yaya da ƙyar. Ranar tseren dogon zango muka dace da ita. Da masu gudun suka jeru, Yaya ya ƙare musu kallo irin na kasuwar kara, ya ce duk cikinsu babu wanda zai saya, ƙashi da rai kawai, ko kayan ciki ba za a samu ba.

A cikinsu akwai wani mai sanƙo daga gabashin Afirka, da gani ya girmi sauran. Wani da ke zaune kusa da mu ya ce a ƙasarsu makiyayi ne. Nan Yaya ya gyara zama. Mai sanƙo bai ci tseren ba, bai ma kusa ba. Yara sun wuce shi, sun zagayo sun sake wuce shi, shi kuwa yana nan da takunsa ɗaya, irin takun mai bin garke da ya san tafiya da sauranta. Da ya iso ƙarshe filin ya ɗauki tafi. Na waiga na ga Yaya a tsaye, hularsa a hannu.

"Wannan tsarana ne," in ji shi. "Ni ma da haka nake."

Washegari bayan sallar asuba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, sanye da 'yar shara da wandon da ya naɗe zuwa gwiwa. Don murna ban yi tunanin komai ba, na bi shi muka kama hanyar unguwar Ogba.

Ba mu wuce layi biyu ba gari ya rikice. Iya mai koko, wata Bayarabiya da ke kafa tukunyarta a bakin layinmu, ita ta fara kurma ihu, "Malu! Malu!", wato saniya. Ta bar tukunya ta haye kan teburin mai burodi. Tunda Alhaji da kansa ne ke gudu, mutane suka ɗauka ba ƙaramar dabba ba ce. Masu fitowa daga masallaci suka koma ciki suka turo ƙofa. Wani tela ya hau bishiyar mangwaro da zani a ƙugu. 'Yan ci-rani masu jan shanu suka fito da igiyoyi suka rufa mana baya suna tambayar ina ta nufa. Yaya na haki, ya kasa magana, ya ɗaga hannu yana nufin su tsaya, su kuma suka ɗauka gaba yake nuna musu, suka wuce mu a guje. Sai da suka kai wajen Ogba suka dawo da igiyoyinsu.

Da gaskiya ta fito, Agege ta samu abin dariya na mako guda. Yaya ya biya kokon da ya zube, ya shige gida, ya rantse shi da gudu har abada. Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki. Ni kuwa ina kallon wuyansa yana ƙara kauri, barci ya ƙaurace mini.

Dabarar a bakin aiki ta zo mini. Idan za a kai sa daga kara zuwa mayanka, mutum biyu ke tafiya da shi, ɗaya a gaba da igiyar ƙaho, ɗaya a baya da igiyar ƙafa, kuma da sassarfa ake yi. Babu wanda ke ganin baiken mahauci in yana bin sa da igiya, ko da Sarkin Fawa ne. Na sayo wani ɗan farin bijimi mai sanyin hali, na ɗaure shi a bayan gida. Na gaya wa Yaya cewa daga yau shi ba gudu yake yi ba, aiki yake yi. Ya daɗe yana kallon bijimin kafin ya karɓi igiyar ƙafa.

Haka muka fara, ni a gaba, bijimi a tsakiya, Yaya a baya yana huci, mu bi gefen layin dogo zuwa Ogba mu juyo. Mutane suna matsa mana hanya cikin mutunci. Ranar da lalaci ya kama shi, musamman da damina in ruwan Ikko ya kwana yana zuba, sai in tsaya a bakin tagarsa in ce mai sanƙo ya tashi tun ɗazu a ƙasarsu, yana can yana bin shanunsa. Sai in ji tsaki, in ji ƙarar gado. Mutumin da ba mu san sunansa ba, wanda ya zo kusan na ƙarshe, shi ya riƙa tayar da yayana daga barci har shekara biyu.

Teɓa ta sauka, wandunan Yaya suka koma hannun tela. Matsalar ita ce bijimin ma ya sauka. Duk dusa da harawar da muke ɗura masa a hanya suke ƙonewa. Abokan sana'a suka riƙa tambaya wane irin sa ne wannan da kullum ana kai shi mayanka bai taɓa isa ba. Suka ce mu ne mahautan farko a Ikko da suka sayi sa don su ramar da shi. Yaya ya kan ce mai shi ne bai zo karɓa ba.

Wata safiya ƙafar bijimin ta faɗa tsakanin ƙarfen dogo da katako, ta karye. Babu abin yi sai wuƙa. Yaya, wanda ya yanka shanun da ba su ƙirguwa, ya miƙo mini wuƙar ya juya baya. Naman muka rabar sadaka, kuma an yi ta tsine mana a ɓoye, don ya fi tayar mota tauri.

Daren nan na san abin da ke gabanmu. Babu sa, babu hujja, bencin nan kuma yana nan yana jira. Da asuba na fito ba tare da na sa rai ba, sai na tarar da Yaya a ƙofar gida, igiyar ƙafa a naɗe a hannunsa, ya rasa gaba ya rasa baya. Iya mai koko tana can tana hura wuta. Ta ɗago ta dube shi, ta jawo bencinta gefe kamar yadda take yi kullum in za mu wuce.

"Alhaji, wuce mana," ta ce da Hausarta ta Agege. "Mu duka mun sani tuntuni. Malu kawai bai sani ba."

Yaya ya dubi igiyar, ya dube ni, ya miƙo mini ita ya ce in riƙe, nauyi take yi masa. Ya kama hanyar Ogba hannu rabbana, da takun nan na mai bin garke, ni ina biye. Babu wanda ya hau katanga. Telan nan ma daga shagonsa ya ɗago hannu ya ce a dawo lafiya.

Mahaifinmu bai ga auren ko ɗaya daga cikinmu ba. Yaya shi ya karɓi sadakin jikarsa ta fari, da furfura har a gira, yana mitar an cika wa shinkafar biki mai.