Ta Ƙofar Baya Aka Fitar da Neeltje

Gijsbert Slob mijin yayata ne. A cikin injin iska aka haife shi, irin dogon ginin nan mai fukafukai, ɗaya daga cikin waɗanda ke jere a bakin ruwa bayan birnin Rotterdam. Kakansa ya kwashe ruwa daga gonaki da injin nan, ubansa ma haka. Shi kuwa zamaninsa famfon lantarki ke aikin, abin da aka bar masa sai ɗaga wa baƙi hannu. Kwamitin da ke da injinan ya bar shi da yayata Neeltje suna zaune ciki, da sharaɗin duk Asabar fukafukai su juya saboda masu yawon buɗe ido. Shekara arba'in bai taɓa saɓawa ba. Ni ina gefe da rumfata, ina soya musu 'yar wainar fulawa da man shanu.

Ran Talata Neeltje ta rasu. Gijsbert ya ja burkin injin, ya tsayar da fukafukin sama ya ɗan gota tsakiya, yadda ake yi idan an yi rashi. Manoman ƙetaren ruwa suka hango, suka zo gaisuwa tun kafin a buga musu waya.

Jana'iza ta faɗo ran Asabar, ranar da wani ƙaton jirgin ruwa zai sauke baƙi dubu biyu. Ran Juma'a sai ga Joost, ma'aikacin kwamiti, da furanni a hannu. Furanni fa!

"Baba Slob, muna taya ku jimami. Awa uku kawai fukafukan za su juya gobe, daga sha ɗaya zuwa biyu. An riga an sayar da tikiti."

Na ce, "Sha biyu za a ɗauki gawar, kai ko kunya babu?"

"Inna, ni ɗan aike ne. Sharaɗin zaman gidan dai Baba ya san shi."

Gijsbert ya ce, "Bar shi, Truus. Ina da shekara saba'in da huɗu, ina zan je?"

Haushin Gijsbert na ji, har yau ma ban gama hucewa ba. Amma ni ma ban ce ya dawo ɗakina ba, ɗaki ɗaya gare ni.

Asabar da hantsi ya saki burki da hannunsa. Iska daga gabas take, sai da aka juya fukafukan suka fuskance ta, suna sharar ƙasa daidai ƙofar gaba, duk wanda ya fito ta nan sai su fasa masa kai. Dole muka juya akwatin gawar a lungun kicin, muka fitar da ita ta baya, tsakanin kwandon shara da keken Gijsbert. Neeltje da ta shiga gidan nan amarya ta ƙofar gaba!

Baƙi sun cika hanya, wayoyi a sama. Wata mata mai jar hula ta tari gabanmu tana murmushi, ta tambayi mai yi musu jagora ko duk Asabar ake wannan ma.

Gijsbert na riƙe da kusurwar akwatin. Ya sake ta da hannu ɗaya, ya ɗaga wa matar, sannan muka wuce.