Sallamar Alhaji Sale

Ko haƙorana sun zube ba zan manta da Asabar ɗin da aka fara rataya mini katin mataimakin alƙalin wasa ba, a gasar ches, wato darar Turawa, ta kowa da kowa da ƙungiyarmu ta shirya a Daura. Aikin mataimaki shi ne duba agogo, hana surutu, da karɓar takardar sakamako. Shekarata goma sha bakwai, amma tafiya nake kamar alƙalin alƙalai.

A zagayen ƙarshe aka ba ni tebur na uku, inda wanda ya ci zai tafi gasar Katsina. Alhaji Sale, mai fataucin shanu daga Mai'adua, ya cinye wa Malam Hadi, malamin lissafinmu, sarauniya da doki biyu. Gumin Malam Hadi kuwa ya isa a shayar da garke.

Sai ga dillalin Alhaji ya leƙo ta taga yana nuni da yatsu, wai an taya bijiminsa. Alhaji ya ɗaga kai ya ce, "Na sallama."

A ches, wanda ya sallama ya faɗi. Malam Hadi, wanda kan yi wata guda bai gama duba jarrabawarmu ba, ya miƙa hannu kamar walƙiya. Alhaji ya kama, don bai saba barin hannu a iska ba.

Na garzaya wurin babban alƙali, Malam Bala. Ya ce, "Sallama sai da niyya. Je ka gaya musu."

Na dawo na gyara murya. "Baba Alhaji, doka tana bayanka. A ci gaba da wasa."

"Yaro, na faɗa ko ban faɗa ba?"

"Ka faɗa, amma da bijiminka kake."

"Na ba da hannu?"

"Ka bayar."

"To idan aka ji a kasuwar shanu cewa Sale ya sallama ya janye, wa zai ƙara taya ko akuyata? Malam, Allah ya sa albarka."

Malam Hadi ya ce amin ba tare da ya dube ni ba, ya sa hannu a takarda.

Ku sababbin mataimaka, ku haddace littafin doka, yana da amfani. Amma ku sani wasu 'yan wasan da tasu dokar suke zuwa, kuma ta girmi tamu. Wurin zaman Alhaji kuwa, yanzu nesa da taga nake sa shi.